Mai Ɗinkin Hula a Teburin Dozie

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Nnadozie a kasuwar Gamboru ta cikin Maiduguri, bangon ma na kwano. In ya yi atishawa ina ji. In na yi wa mai saye rantsuwa a kan hula shi ma yana ji, sai ya buga kwanon ya ce, "Umara, ka ji tsoron Allah." Ni huluna nake sayarwa, shi kuwa gyaran talabijin da rediyo da dikoda yake yi. Tun yana saurayi ya zo Maiduguri daga ƙasar Ibo, a nan ya ajiye iyali, ya iya Hausa, ya iya zagi da Kanuri fiye da wasu 'yan gari. Sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka yanke masa rabi, kowa Dozie yake ce masa.

Masu gyara suna da yawa a layinmu, amma yawancinsu 'yan mari ne. Su buɗe talabijin, su hura masa iska, su mare shi a gefe, in ya kama su ce an gyara. Dozie ba haka yake ba. Akwai wani abu baƙi mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, yana manne a jikin fanel, wato koren faifan nan da ke cikin talabijin. Aisi suke ce masa. Ƙafafunsa sun fi ɗari, a jere ta kowane gefe, tsakanin ƙafa da ƙafa da kyar gashin kai zai wuce. In wannan ya ƙone, sauran masu gyara cewa suke yi a jefar da talabijin ɗin a huta. Dozie kaɗai ne yake cire shi ya dasa wani. Na sha barin hulunana in je in tsaya a kansa baki buɗe kamar baƙauye, ina kallon yadda yake jan dalma a kan ƙafafun nan ja ɗaya, ta bi kowace ƙafa ta zauna, ba wadda ta taɓa 'yar'uwarta. Ni dai ban taɓa ganin hannu irin nasa ba, kuma na faɗa masa a gaban idonsa, ko da yake ba kullum ba, don kada kansa ya kumbura.

Da gari ya rikice, mutanensu da yawa suka kwashe kaya suka koma Kudu. Shi ya ƙi. Ya ce in ya koma can ma baƙo zai zama, wa zai riƙa buga wa kwano?

Ranar da bam ya tashi a bakin kasuwa, yana kan hanyar dawowa ne daga sayen ruwan sanyi. Ko ƙwarzane bai samu ba. Shi ne ma ya yi ta ɗaukar mutane yana sa su a keke napep har rigarsa ta rine. Muka ce Allah ya kiyaye. Ashe abin ya bi shi ta wata hanya. Bayan 'yan kwanaki na fara jin wani sabon sauti ta cikin kwano: hantsaki ya faɗi ƙasa, a ɗauka, ya sake faɗuwa. Sai tsaki. Sai shiru mai tsawo. Na leƙa wata rana na same shi ya danne hannun dama da na hagu a kan tebur, duka biyun suna rawa, yana kallonsu kamar ba nasa ba.

"Kada ka gaya wa kowa," in ji shi.

Ban gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da ƙananan gyare-gyare, canza fiyus, haɗa waya, irin aikin da kowane yaro zai yi. In an kawo mai ƙonannen aisi sai ya ce babu kaya, hanyar Kano ba ta biyuwa. Sau da yawa wannan gaskiya ne a lokacin, shi ya sa ba wanda ya zarge shi. A gaban mutane kuwa hannayensa kullum suna cikin aljihu ko a bayansa. Matarsa Nkolika, da muke kira Maman Amara, ta sani. Ita ta riga ta gaji da garin, kuma ban ga laifinta ba. Kullum ta kawo masa abinci sai na ji suna ta yi da yarensu, ba na jin ko kalma ɗaya, amma na san maganar tafiya ce.

Sai ga Ba'ana da talabijin ɗinsa. Ba'ana mutumin unguwar Fezzan ne, dillalin wake, mai murya kamar lasifikar masallaci. Gidansa ya cika da dangi da suka gudo daga ƙauye, dokar hana fita tana kulle su tun da sauran rana, yara sun hana shi sakat, ga talabijin ya mutu. Dozie ya buɗe, ya auna, ya yi masa waƙar da ya saba, babu kaya. Ba'ana ba ya jin a'a. Ya sa aka rubuta masa lambar aisin, ya bi wani direba da yake ratsa hanyar nan da ransa a hannu, ba a jima ba ya dawo ya dire wani ɗan ƙulli a kan teburin Dozie, ya ce, "To ga kaya. Saura me?" Ƙwaya ɗaya tak aka samo, in ta lalace babu wata a duk faɗin garin.

Da ya tafi, Dozie ya kira ni. Ya ce ya yi wa Maman Amara alkawari. In ya kasa dasa wannan aisin, zai sayar da kayan shago su tafi, domin ba zai zauna yana canza fiyus yana yi wa mutane ƙarya har tsufa ba. Ya faɗa ba tare da ya kalle ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi masa masifa, na ce wane irin mutum ne zai rataya zamansa na shekaru a kan abin da bai kai ƙwayar dabino ba. Ya ce shi dai ya faɗa.

Yanzu bari in kawo Falmata. Ƙanwata ce, 'yar ƙanin mahaifina, a Bama ta yi aure. Da garin ya faɗa hannun 'yan bindiga ta iso wurinmu a unguwar Dala ta nan Maiduguri da ƙafa, da 'ya'ya biyu, babu miji, kuma ba ta taɓa ba mu labarin hanyar ba. Abin da ta zo da shi kaɗai shi ne allura a hannunta. Duk wanda ya san hular Bama ya san abin da nake nufi, amma ko a cikin mutanen Bama ɗinkin Falmata daban ne. Ka juya hularta ta ciki, ba za ka ga inda zare ya fara ko inda ya ƙare ba. Ita ce rufin asirin shagona, hulunanta nake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur sai babban mutum ya zo. Zaman gida yana sa ta tunani, don haka takan zo ta zauna a bayan shago tana ɗinki, ba ta magana da kowa.

Rannan Dozie ya shigo aron tsintsiya, ya tsaya a kanta ya manta da abin da ya kawo shi. Yana kallon yadda allurar take shiga rami bayan rami, ba ta kuskure, ba ta sauri. Ya daɗe a tsaye har na ce masa in hula yake so ya yi magana.

"Wushe, Ya Falmata," in ji shi, yana gaishe ta da Kanuri. "Hannunka ba ya gajiya?" Shekarunsa nawa a garin nan, har yau bai raba mace da namiji a Hausa ba, kuma a Maiduguri ba wanda zai kama shi da wannan.

Ta ce, "Ido ne yake gajiya. Hannu ya saba."

Na gane inda ya dosa tun kafin ya sake buɗe baki, na ce ba za ta yiwu ba. Mace, bazawara, a teburin namiji, da ƙarfe mai zafi a hannu, a tsakiyar kasuwar da kowa yake ƙirga numfashin kowa? Kuma wa zai ɗinka mini huluna? Wannan ta biyun ban faɗa da ƙarfi ba. Falmata ta bar ni na gama, sannan ta ce da Kanuri, "Ya Umara, in kana zaune a wurin, wa zai yi magana?" Tun zuwanta ban ji ta nemi wani abu da bakinta ba sai ranar. Dole na yarda.

Haka na zama mai gadi. Dozie ya sa labule a bayan shagonsa, ya kwaso matattun fanel da ya tara, ya fara koya mata. Shi baki, ita hannu. Na'urarsa mai hura iska mai zafi, wadda ake cire aisi da ita cikin sauƙi, ta daɗe da ƙonewa ba a samu kayanta ba, don haka sai tsohuwar hanya. Mataccen aisi ba a tausaya masa: a bi ƙafafunsa da sabuwar reza a yanke su daga jikinsa, a ɗauke gangar, sannan a bi guntayen da bakin ƙarfen liƙi a share. Sai a ɗora wata saƙaƙƙiyar wayar jan ƙarfe ta shanye tsohuwar dalma, wurin ya yi sumul. Sabon kuwa a daidaita shi a kan layukansa, a kama kusurwa ɗaya da ɗigon dalma, a kama wadda ke fuskantarta, a shafa wani mai kamar zuma, sannan a ja. A ranar farko ta ƙona yatsa, ta haɗe ƙafafu wuri ɗaya kamar ɗanwake. Ta ɗauki wani fanel. Kafin mako ya zagayo, Dozie yana duba aikinta da gilashin ƙara girma yana girgiza kai yana cewa wani abu da yarensu. Na tambaye shi me ya ce. Ya ce shi sai da ya shekara kafin ya yi irin wannan.

Abu ɗaya ta kawo daga wurinta wanda shi bai koya mata ba. In ta gama liƙi sai ta zare allura daga gyalenta, ta bi ƙafafun da tsininta ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Wadda ba ta kamu ba takan motsa, ita kuma tana ji a yatsanta tun kafin gilashi ya nuna.

Ranar aikin gaske, hantsi ne, zafin bazara ya riga ya sauka, ɗan janareto yana ta kuka a waje. Ta yanke mataccen aisin Ba'ana, ta share wurin tas. Dozie ya kwance ƙullin nan, ya zazzage sabon a kan fanel, ya tura shi da bayan hantsaki har ya fuskanci inda ya kamata. Yana shirin magana ke nan sai muryar Ba'ana ta cika layin, yana gaisawa da mutane tun daga bakin hanya. Na ga fuskar Dozie ta canza. Ya cusa hannaye a aljihu, ya faɗa waje da sauri, ya ja labule, ya tare ƙofa da jikinsa. Muna jinsa yana cewa aiki ya yi nisa, a dawo da la'asar, ba a shiga in ana liƙi. Ba'ana kuwa ba ya gaisuwa a tsaye, sai da ya ja benci ya ba shi labarin farashin wake da na surukarsa da ke ciwon ƙafa.

A ciki Falmata ta gaji da jira. Ta ɗaga aisin da hantsaki, ta kai shi kusa da ido, ta juya shi, ta mayar. Na gani, amma ni me na sani? Ta kama kusurwa, ta kama ɗaya kusurwar, ta shafa mai, ta ja. Gefe huɗu, ja huɗu. Ko numfashi ban yi da kyau ba sai da ta ajiye ƙarfen. Ta bi da allura, babu ƙafar da ta motsa. Wallahi abin ya yi kyau, dalmar tana ƙyalli a jere kamar aikin injin.

Dozie ya dawo yana share gumi, ya ɗauki gilashi, ya duba gefe ɗaya ya yi murmushi, ya duba na biyu. Har ya miƙa hannu zai jona waya, sai ya tsaya. Ya sake sunkuyawa. Ya ajiye gilashin a hankali ya zauna a kan bokitin da yake kifewa.

"Wa ya juya shi?"

Falmata ta ce ita ce. Ta nuna wani ɗan rami a kusurwar aisin, ƙarami kamar an ɗana tsinin allura. Ta ce ta ga tabo ne a jikinsa, shi ya sa ta mayar da shi baya. Mai ɗinkin hula ba ya barin aibi a goshi. Inda ɗinki ya haɗu, ko inda zare ya ɗan kauce, can ƙeya ake kai shi, inda mai gaishe ka ba zai gani ba. Haka uwarta ta koya mata, haka kowa yake yi a Bama.

Ashe ramin nan ba tabo ba ne. Shi ne yake nuna ƙafar farko, kuma dole ya fuskanci wata 'yar alama fara da ke jikin fanel. Duk kwanakin da suka yi suna koyo a kan matattu, ba a taɓa jona wuta ba, don haka maganar ba ta taso ba, shi kuma abin ya zame masa jiki har ya manta ana faɗa. Da ya jona wayar nan, da aisin ya ƙone nan take.

Na buɗe baki zan yi faɗa, ban ma san da wa ba. Dozie ya ɗaga mini hannu, hannun yana rawa, bai ɓoye ba. Ya ce ba laifinta ba ne, shi ne ya bar tebur ya tafi gadin ƙofa. Sannan ya ce shi ke nan, a bar shi, domin cire lafiyayyen aisi ba tare da na'urar iska ba sai an bi ta ƙarƙashin ƙafafunsa da waya, kuma ko lokacin da hannunsa yake hannu ba kullum yake dacewa ba. In ƙafa ɗaya ta karye, ko layin jikin fanel ya ɗago, magana ta ƙare.

Falmata ta ce, "Nuna mini wayar."

Ya fasa wata tsohuwar caja, ya warware siririyar wayar jan ƙarfe daga cikinta, siririya kamar zaren ɗinki. Akwai wata 'yar kafa a bayan ƙafafun aisi, tsakaninsu da gangar jikinsa, ta nan wayar za ta bi ta fito ɗaya gefen. Ni ko kafar ban gani ba. Ita ta murza bakin wayar da yatsu, ta ɗan karkata kai, ta zura, ta fito. Dozie ya sa ta ɗaure bakin a jikin wani ƙarfe na fanel, ya matso da bokitinsa dab da teburin.

"Taɓa ƙafar farko da zafi. Kada ka danna. Jira dalma ta yi ruwa. Yanzu ja waya, waje, ba sama ba. Ya isa. Ta gaba."

Haka suka yi ta yi. Ƙafa ta ɗago da ɗan sauti ƙaramin gaske, su wuce ta gaba. Gumi yana ɗiga daga haɓarta, na rasa abin yi sai na ɗauki kwali ina yi mata fifita, ta ce in daina, ina kaɗa mata waya. Na koma gefe na zauna da kwalina kamar wanda aka kora daga biki. Aka kira azahar, muka je muka dawo, ita ma ta yi tata a bayan shagona, suka ɗora daga inda suka tsaya. Wajen tsakiyar gefe na uku wani ya saki ƙofar shagon ƙarfe a layin baya, ta buga da ƙarfi. Dozie ya zabura har bokitin ya faɗi gefe. Falmata kuwa ta ɗaga ƙarfen sama kawai, ta riƙe wayar yadda take, ta jira. Na kalli hannunta, ko gezau. Matar da waɗanda suka gudo tare suka ce ta kwana a daji da yara biyu tana jin harbi a bayanta. Ban san inda take ajiye tsoronta ba, amma ba a hannu ba ne. A nan ne ƙwalla ta zo mini, na yi kamar hayaƙin dalma ne.

Da aisin ya rabu da fanel, ƙafafunsa sun ɗan baje, wasu sun kalli gabas wasu yamma. Ta kwantar da shi a kan fasasshen madubi, ta bi su da allura tana mayar da kowace layinta, tana danna shi a kan madubin don ta ga wadda ba ta taɓa ƙasa ba. Wannan ya fi komai cin lokaci. Dozie bai ce mata komai ba a nan, domin babu abin da zai koya mata. Ta share fanel, ta ɗora, wannan karon ta nuna masa ramin da alamar da bakin allura, ta dube shi. Ya gyaɗa kai. Ta kama kusurwa biyu, ta shafa mai, ta ja. A gefe na ƙarshe ƙafa biyu suka haɗe, ta ɗora saƙaƙƙiyar waya ta shanye, suka rabu.

Dozie ya ce ni in jona, shi ba zai iya ba. Na jona. 'Yar jar fitila ta kama, ta koma koriya, allon ya yi shuɗi, sai ga wani mutum da babbar riga yana karanta labarai. Ban taɓa murnar ganin mai karanta labarai ba sai ranar, duk da ba abin daɗi yake faɗa ba. Falmata ta mayar da allurarta jikin gyale, ta tashi za ta koma wurin hularta, kamar wadda ta gama wanke kwano.

Ba ta kai ga fita ba Ba'ana ya iso, la'asar ta yi. Ya ji sauti tun daga waje, ya yi kabbara, ya tara mana jama'a. Masu gyaran layin suka taso, da mai shayi, da masu ɗinkin takalmi, har Maman Amara da ta zo ɗaukar kwanukan abinci ta tsaya a gefe. Dozie ya fito da talabijin ɗin, ni na ɗauko masa, shi yana biye hannu a aljihu. Ba'ana ya dafa kafaɗarsa yana yi wa mutane shela.

"Ban gaya muku ba? Ana ta cewa Dozie ya tsufa, Dozie ya daina aikin aisi. To ga shi! Hannun nan, ko a Legas babu irinsa. Kawo hannun in gaisa da shi!"

Ya miƙa nasa. Na kalli Dozie. Abin da kawai zai yi shi ne ya yi dariya, ya kama hannun da sauri ya saki, magana ta wuce, labule ya ci gaba da aikinsa. Maman Amara ma shi take kallo.

Ya zaro hannayensa duka biyu daga aljihu, ya ɗaga su a gaban kowa, ya bar su a sama. Suna rawa kamar ganye.

"Tun ranar bam haka suke," in ji shi. "Duk wanda na ce masa babu kaya, wani lokaci akwai kaya, hannu ne babu. Ku yafe mini. Wannan aikin ba ni na yi ba."

Ya juya ya ja labulen gefe har ƙarshe. Falmata tana tsaye a bayan tebur, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"Ya Falmata ne ya yi. Ni na san hanya, shi yake da hannu. Wanda ya yarda ya kawo aiki, mu biyu ne. Wanda bai yarda ba, ga masu mari nan da yawa."

Ba'ana, mutumin da ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya tsaya yana kallon Falmata, yana kallon talabijin, hannunsa har yanzu a miƙe. Can ya kama hannun Dozie da nasa biyu, ya riƙe shi yana rawa a ciki, bai saki da wuri ba. Sannan ya juya wajen Falmata ya rage murya, ya gaishe ta da Kanuri irin gaisuwar da ake yi wa manya, ya ce akwai dikodar maƙwabcinsa da ta mutu tun bara, ko za a duba.

Falmata ta juyo ta kalle ni. Na tuna hulunan da ke jiran ɗinki a ƙarƙashin teburina, na haɗiye abin da na haɗiye, na ce ya kawo da safe.

Maman Amara ta tattara kwanukanta. Ta zo wucewa ta gaban mijinta ta tsaya, ta ce masa wani abu gajere da yarensu, ya amsa da kalma ɗaya. Sannan ta leƙa cikin shagon, ta dubi Falmata, ta tambaye ta da Hausa ko tana cin yaji da yawa, don gobe abincin mutum biyu za ta kawo.